IDON KYAMARA: Zariya ba ta da teku, amma tana da abin ɗauka

Duk wanda ya taɓa leƙa lokeshin ya san halin da mai ɗaukar hoto yake shiga. Darakta na ɗaga murya, furodusa na duba agogo saboda kuɗin hayar janareta, jaruma kuma na cewa gobe tana da wani aikin a Kano. Shi kuwa bawan Allah ko gyara tsayuwa bai gama ba za a ce da shi, "Malam, ɗauka mana haka nan, rana za ta faɗi!" Haka za a gama fim cikin 'yan kwanaki, sannan 'yan kallo su riƙa tambayar me ya sa hoton bai kai na Indiya kyau ba. Nan da nan sai a ɗora wa kyamara laifi. Alhali sau da yawa mai riƙe da ita ne aka hana lokaci.

A wasu ƙasashen an daɗe da gano maganin wannan matsala. Akan gina masauki na musamman domin masu fasaha, a ɗauki mai zane ko marubuci ko mai ɗaukar hoto, a ba shi ɗakin kwana da ɗakin aiki, a ce ya zauna ya yi tunani ya yi aikinsa, babu mai cewa ya yi sauri.

Misali na kusa shi ne gidan Black Rock da ke bakin teku a unguwar Yoff ta birnin Dakar, a Senegal. Kehinde Wiley ne ya buɗe shi a 2019, wato mai zanen nan na Amurka wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, wanda kuma ya zana hoton Barack Obama da aka ƙaddamar a 2018. Gidan ya samo sunansa ne daga baƙaƙen duwatsun da ke gaɓar tekun. Baƙo kan yi wata 1 zuwa wata 3 a ciki. A rukunin farko na mutum 16 da aka zaɓa har da 'yar Nijeriya mai ɗaukar hoto, Yagazie Emezi, wadda ta tashi a Aba. A Legas ma Yinka Shonibare ya buɗe irin wannan masauki mai suna G.A.S. a 2022.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan Bazazzagi da wannan, tunda Zariya ba ta da teku? Ai kuwa da ruwansa. A 1958 wasu ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar da duniya ta sani da 'yan tawayen Zariya, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Tawayen nasu shi ne mai fasaha ya dubi abin da ke gidansu, ya daina kwaikwayon Bature ido rufe. Shi Onobrakpeya, a 1998 ya fara tara masu fasaha a garin Agbarha-Otor na Jihar Delta, suna kwana suna tashi tare suna aiki, taron kuma da sunan hunturu ake kiransa. Ka ga ke nan a Zariya aka shuka irin, amma a Kudu ake girbi.

Kuma abin da teku ke bai wa mai hoto, wato natsuwa da haske mai canzawa, tsohon birni ma yana da irin nasa. A ba mutum soro guda a cikin birni na wata ɗaya a gani. Zai san yadda hantsi ke sauka a kan ganuwa, da yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe Dutsen Kufena. Zai shiga ta Ƙofar Doka ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana, har masu ɗinkin hula da babbar riga su saba da shi, su daina gyara zama idan ya ɗaga kyamara. Zai samu damar tsayawa a ƙarƙashin bakan gizon tsohon Masallacin Juma'a, aikin Malam Mika'ilu Babban Gwani na zamanin Sarki Abdulkarim a shekarun 1830. Wanda ya zo hawan Sallah kwana biyu ya koma, doki da rawani kawai zai tafi da su.

Abin kuma ba na jinkiri ba ne. Damina na cin ganuwa, gidajen ƙasa masu zane a fuska suna faɗuwa, bulo da siminti na maye gurbinsu. Abin takaici, mai neman tarin hotunan waɗannan zane-zane yakan ƙare ne a littafin wani Bajamushe, Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya zauna ya yi nazarin gidajen Zariya. Bai fi 'yan gari ido ba, zama kawai ya yi.

Saboda haka ƙalubale ga manyan furodusoshi da masarautar Zazzau da sashen zane na jami'a: ɗaki ɗaya, abinci, da ɗan kuɗin kashewa ga matashi ɗaya ko budurwa ɗaya duk hunturu bai kai kuɗin waƙa biyu a fim ba. Ribar kuwa fim za ta komo, domin wanda ya koyi jiran haske ba zai sake ɗaukar fuskar jaruma cikin inuwa ba.

Kai kuma matashi mai waya a hannu, kada ka jira sai an kira ka Dakar. Zaɓi lungu ɗaya a unguwarku, ka riƙa ɗaukarsa kullum bayan asuba da bayan la'asar har kwana 30. Ranar da ka jera hotunan, za ka ga abin da ka shekara kana wucewa ba ka gani ba.

Allah ya sa masu abin su ji, amin.