Kwana, ba gudu ba, ke raba gwani da ɗan koyo

Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a Amurka ɗan jirgin ruwan da ake sarrafawa daga nesa ba tare da waya ba. A yau irin waɗannan jirage masu rimot wasan tsere ne a Turai da Amurka, kuma masu wasan sun san cewa a kwana ake cin gasa, a kwana ake kifewa. Ina ganin ɗalibanmu na Jigawa sun fi Turawa buƙatar wannan ilimi.

Dalilin farko lissafi ne. Ƙarfin da ke tura jirgi waje yayin kwana ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudu sau biyu a kwana guda, ƙarfin zai ninku sau huɗu. Saboda haka babban inji ba ya gyara kwana, sai dai ya tona asirin jirgin.

Gyaran yana ƙarƙashin ruwa. A tseren Amurka jiragen suna kewaye fili ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, don haka ake ɗaura wani siririn ƙarfe mai kaifin wuƙa a gefen dama. Idan jirgin ya karkata, ƙarfen ya riƙe ruwa, ya zama tamkar turken da jirgin ke kewayawa. In ya yi gajarta, jirgin ya zame. In ya yi tsawo, ya ci gudun. Haka faifan sitiyarin da ke baya: ɗan koyo yana zaton ƙara masa juyi zai ƙara kaifin kwana, alhali idan juyin ya wuce kima iska ce ke shiga bayan faifan, riƙonsa ya kuɓuce, jirgin ya yi hajijiya.

Sai nauyi, wanda shi ne ya fi damuna. A jirgi mai gindi guda, magina kan sa cibiyar nauyi wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa daga baya. Tura batir gaba kaɗan, hancin ya soki ruwa, bayan ya wuntsila. Ja shi baya, jirgin ya dinga tsalle, ya ƙi bin umarni. Ɗaga batirin sama kuwa, ko da faɗin yatsa biyu ne, na iya sa ya kife.

To, mai karatu, sauya batirin nan da buhunan shinkafa, da babur, da fasinjojin da suka miƙe tsaye a kwale-kwalen fito a Kogin Haɗeja da damina. Doka ɗaya ce. Ba mu manta da ɗaliban Islamiyyar da suka rasu a Bagwai ta Jihar Kano a 2021 ba, Allah Ya ji ƙansu. Kullum lodi ya yi yawa muke cewa, kuma gaskiya ne, amma ba kasafai ake tambayar inda aka ɗora lodin ba.

Ga madatsar ruwa ta Warwade kusa da Dutse, ga Jami'ar Tarayya da kwalejin fasaha a gari guda. A ba kowane rukunin ɗalibai falange da ƙaramin inji da batir iri ɗaya, a kafa jarkoki biyu a ruwa, a auna wanda ya kewaye su ba tare da ya sha ruwa ba. A kuma gayyato sarakunan ruwa da masu fito daga Ringim da Auyo su zauna a teburin alƙalai.