Kirarin Ginshiƙi da Matsayin Matan Haiti

Mutanen ƙasar Haiti suna da wani kirari da suke yi wa matansu da harshen Kiriyol, wato poto mitan. Asalinsa kuwa shi ne ginshiƙin da ake kafawa a tsakiyar ɗakin bauta na addininsu na gargajiya. Kirari ne mai daɗin ji, kuma babu ƙarya a cikinsa. Amma duk ɗalibin da ya nazarci kirari ya san cewa sau da yawa akan yi wa mutum shi ne don a ƙara masa kaya. Aikin ginshiƙi dai ɗaukar nauyi ne, ba a neman shawararsa.

A dubi yaƙin 'yanci, wanda bayi suka tayar a 1791, ya ƙare da korar Faransawa da kafa ƙasa a 1804. Macen da ake yawan tunawa da ita a wannan yaƙi ita ce Catherine Flon, wadda labari ya zo cewa ita ta ɗinka tutar ƙasar a garin Arcahaie ran 18 ga Mayu, 1803. Ba a raina ɗinkin tuta ba. Sai dai abin tambaya shi ne, me ya sa mai allura ta fi mai bindiga shiga bakin jama'a? Ga Marie-Jeanne Lamartinière, wadda ta yi yaƙi a ganuwar Crête-à-Pierrot a 1802. Ga kuma Sanité Bélair, hafsa ce sosai, wadda Faransawa suka kama suka kashe tare da mijinta a watan Oktoba na wannan shekara. Sai a 2004, bayan shekara ɗari biyu, aka sa hotonta a takardar kuɗi ta gourde goma.

Idan aka koma kasuwa kuma, nan ne kirarin ya fi tabbata. Akwai mata fatake da ake kira Madan Sara, sunan wata tsuntsuwa mai yawan hayaniya, su ne ke bin ƙauyuka suna sayen amfanin gona, su ɗora a mota ko a jaki su kai birni. In sun kwana biyu ba su fita ba, tukwanen Port-au-Prince za su shaida. To, amma wannan mace da ke ciyar da birni, in tana da aure, har zuwa 1982 doka tana ɗaukarta tamkar ƙaramar yarinya a ƙarƙashin mijinta. Ba sai an faɗa ba, mazan da suka rubuta dokar tuwon da ta kawo suke ci.

Abin lura a nan shi ne, duk wani haƙƙi da matan suka samu ba kirari ya ba su ba. Ƙungiyarsu ta farko, Ligue Féminine d'Action Sociale, an kafa ta a 1934, ta yi ta fama har tsarin mulkin 1950 ya amince musu da ƙuri'a, kuma ba su jefa ta a zaɓen shugaban ƙasa ba sai a 1957. Wanda ya hau mulki a zaɓen nan, François Duvalier, 'yan barandansa ne suka sace 'yar jarida Yvonne Hakim-Rimpel a 1958, suka ci zarafinta suka yar. Haka Marie Vieux-Chauvet, da littafinta Amour, Colère et Folie ya fito a Faransa a 1968 yana fallasa zalunci, sai aka janye shi daga kasuwa don tsoron abin da zai sami danginta, ita kuwa ta yi hijira zuwa Amurka, can ta rasu a 1973. Wato da zarar ginshiƙi ya buɗe baki, sai kirari ya ƙare.

Wani na iya cewa ai mace ta taɓa shugabancin ƙasar. Gaskiya ne, alƙaliya Ertha Pascal-Trouillot ta riƙe mulki daga 1990 zuwa 1991. Amma riƙon ƙwarya aka ba ta lokacin da al'amura suka dagule, ta shirya zaɓe, ta miƙa wa namiji. Shi kansa fyaɗe, sai a 2005 doka ta mai da shi babban laifi mai zaman kansa, bayan doguwar gwagwarmayar mata irin su Magalie Marcelin da Myriam Merlet, waɗanda girgizar ƙasa ta 2010 ta halaka.