Ta ci jarrabawar ɗinki, amma ba ta taɓa taka keke ba

  Saƙon wannan makon yana da ɗan tsawo, amma ki daure ki kai ƙarshensa, don maganar 'yarki ce.

Idan kina da yarinya a babbar sakandare, yau bayan an ci tuwon dare ki kira ta ki yi mata tambaya biyu. Ta farko, wace sana'a kike ɗauka a makaranta? Nan take za ta ba ki amsa, domin darasin dole ne. Ta biyu, sau nawa kika taɓa kayan aikin da hannunki a zangon nan? To, a nan ne iyaye da yawa za su ji shiru. Akwai yarinyar da za ta zana miki keken ɗinki a takarda, ta jero miki sunayen sassansa da Turanci, amma ko zare ba ta iya sa wa allura ba.

Ba yau aka fara wannan alkawari ba. A 1982 aka soma tsarin ilimin nan na 6-3-3-4, da niyyar duk yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fito da abin yi a hannunsa. Aka shigo da injinan koyon kafinta da aikin ƙarfe daga Turai aka rarraba wa makarantu. Waɗanda suka yi makaranta a lokacin sun san inda da yawansu suka ƙare: a cikin akwatunan da suka zo, ba wuta, ba ɗakin da za a kafa su, ba malamin da ya san kansu. A 2011 hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sake kawo darussan sana'a har 34 a babbar sakandare, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, kuma daga 2014 aka fara rubuta su a jarrabawar WAEC da NECO. Sai makarantun da ba su da kayan aiki suka riƙa zaɓar darasin da alli da allo kaɗai ke iya koyarwa. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta rage su zuwa shida: haɗa sola da gyaranta, ɗinki da zanen tufafi, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noma da aikin lambu.

Sana'o'in nan shida babu ta yarwa a cikinsu, duk akwai kasuwarsu a unguwanninmu. Amma manhaja takarda ce. Daga Abuja ake rubuta ta, ita kuwa makarantar sakandaren da 'yarki ke zuwa a hannun gwamnatin jiha take. Jiha ce za ta gina ɗakin koyon sana'a, ta sayi keke, ta ɗauki malami, ta biya kuɗin yadi da zare kowane zango. In ba a sa wannan a kasafin kuɗi ba, shidan ma za su bi sahun 34 ɗin.

Yanzu bari mu faɗa wa kanmu gaskiya, tunda mu ya mu ne. Babu wadda ba ta taɓa zuwa taron rabon tallafi ba. A jera kekunan ɗinki da injinan markaɗe a fili, a yi guɗa, a ɗauki hoto. Kafin la'asar wasu kekunan sun isa kasuwa, an sayar da su a rabin kuɗi. Kada ki ga laifin wadda ta sayar, ai ba ta iya ɗinkin ba, ga yara a gida suna jiran abinci. Ki yi lissafi da kanki: keke 20 a hannun mata 20, rabo ɗaya ne an gama. Keke 20 ɗin nan a makarantar 'yan mata, da malama da ɗaki mai makulli, aji bayan aji za su koya a kansu, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Ba mu ce a daina tallafa wa mata ba. Muna cewa ne duk mai neman ƙuri'armu, kansila ne ko ɗan majalisa, ya san cewa yanzu muna tambayar me ya kai makaranta.

Kuma kada a ce 'yan mata iyakarsu ɗinki da kwalliya. Dubi yadda sola ta shiga gidaje saboda rashin wuta. In batir ya lalace da rana maigida ba ya nan, wa zai shiga cikin gida ya duba? Yarinyar da ta iya aikin za ta yi sallama ta wuce har ɗaka. Haka gyaran waya. Mace nawa ce ke ajiye wayarta a lalace, don ba ta son miƙa wa namiji ita da hotunanta a ciki? Je ki kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ki ga yadda samari ke ci da kansu da wannan sana'a, sannan ki ƙirga mata nawa ke zaune a teburin gyara. Wannan ciniki ne da ke jiran 'ya'yanmu.

Sai darasin lafiya da motsa jiki, wanda a makarantu da dama ya zama lokacin shara ko lokacin hira. Alhali abin da ake koya a ciki shi ne abin da yarinya za ta buƙata ranar da ta zama uwa. Ta san cewa in gudawa ta kama yaro cikin dare, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta na iya riƙe shi kafin a kai asibiti. Ta san rukunin jininta tun kafin maganar aure ta taso, ta kuma san cewa in AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Ta san cewa a watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta. Ta san tsaftar jinin al'ada daga bakin malama, ba daga raɗe-raɗin ƙawaye ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matashi na buƙatar motsa jiki na minti 60 a kullum. Makarantar 'yan mata mai katanga da malama mace, me zai hana a yi? Hawan jini da ciwon sukarin da ke damun da yawa daga cikinmu, tun a waɗannan shekarun ake fara tare su.

Za a ce miki babu kuɗi. Ki tambayi labarin shirin AGILE. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin karatun 'yan mata a sakandare, aka fara da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, daga baya aka ƙara wasu jihohin. A cikinsa akwai koyar da dabarun zaman duniya da ilimin kwamfuta, kuma wani kaso na kuɗin gyaran makarantu ta hannun kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, yake bi. Kuɗin nan fa bashi ne, 'ya'yanmu ne za su biya. Don haka haƙƙinki ne ki san abin da aka yi da shi.

Ga aikin da muke roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa ta yi cikin makonni biyu masu zuwa.

Ki ɗauki mata biyu ko uku, musamman masu 'ya'ya a makarantar, ku je sakandaren da ke mazaɓarku. Ku je a matsayin iyaye, ba tuta, ba hular jam'iyya, ba faɗa. Ku gaisa da shugabar makaranta cikin mutunci, domin sau da yawa ita ma abin yana damunta, ba ta da wanda za ta kai wa kuka ne.

Ku tambaya wace sana'a ake koyarwa, ku ce a nuna muku ɗakin. Gani ya kori ji. Ku ƙirga kayan da ke aiki, ku ƙirga na lalace, ku tambayi yawan ɗalibai da yawan malaman darasin. Ku duba banɗakin 'yan mata, da ruwa ko babu.

Ku tambaya su wane ne 'yan kwamitin SBMC, mata nawa ne a ciki, yaushe suka yi zama na ƙarshe. Akwai gurbin mata a kwamitin, kada a bar shi a hannun wadda ba ta zuwa.

Ku rubuta abin da kuka gani a shafi ɗaya, ku miƙa wa shugabar mata ta ƙaramar hukuma. Kada a ɗauki hoton ɗalibai, kada a watsa sunan malami a zaure. Wajen ƙarshen shekara gwamnoni ke kai kasafin kuɗi majalisar jiha, kwamitin ilimi ya zauna da ma'aikata. Muna so takardunku su riga kasafin isa teburin ɗan majalisarku.

In kuma akwai gwanar tela ko mai gyaran waya a unguwarku da za ta iya ba da awa biyu a mako, ku haɗa ta da makarantar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ne ke cika layi ranar zaɓe, tun asuba, da goyo a baya. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba: yarinya ta fito daga aji shida da takarda a hannu ɗaya, sana'a a ɗayan. A tura wa sauran mata, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata. Allah ya raya mana zuri'a.

Daga Ofishin Shugabar Mata