Raddi Ga Masu Kafa Hujja Da Bagwariya

Daga cikin gorin da ake yi wa al'ummomin da ke kewaye da Lafiya, musamman Alago na Doma da Keana waɗanda ke danganta asalinsu ga Kwararrafa, akwai da'awar cewa jikokin baiwa ne, domin labarin Bayajida ya ce Magajiya Daurama ta ba mijinta ƙwarƙwara da ake kira Bagwariya, wato baiwar da ubangijinta ke tarawa da ita, ta haifi Karɓagari, uban Banza Bakwai.

Wannan hujja ta rushe tun daga tushe, domin jerin Banza Bakwai ya haɗa Kabi da Zamfara masu magana da Hausa wuri guda da Nupe da Gwari da Kwararrafa, waɗanda harsunansu ba su da dangantaka da Hausa, kuma babu mai hankalin da zai ce ciki ɗaya ya haife su. Jeri ne na siyasa da ya ware maƙwabta, ciki har da Kwararrafar da mayaƙanta suka ci birnin Kano a ƙarni na 17.

Sannan mai jifa da wannan dutse ya manta cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya kawo riwayar da ta mayar da Bawo kansa, ɗan Daurama, bawan Sarkin Borno.

Ko da an sallama musu labarin, bautar uwa ba ta zubar da darajar ɗa. A fiƙihun Malikiyya ɗan ƙwarƙwara ɗa ne mai cikakken gado, uwarsa kuma ta zama ummul waladi, wadda ba a sayarwa, kuma take samun 'yanci da rasuwar ubangijinta. Rumawa sun ce Okirisiya, wadda aka kamo a yaƙi, ita ta haifi Sarbiyus Tuliyus, sarkin Rum na shida. Girkawa kuma sun ce bayan faɗuwar birnin Turoi an ba ɗan Akilis matar Hekta, Andoromaki, a matsayin ganima, ta haifa masa Molosus, wanda gidan sarautar mahaifiyar Iskandar Mai Girma ke alfahari da shi.

Abin takaicin yana kan Bagwariya kanta. Girkawa sun riƙe sunan Andoromaki da na mahaifinta da na garinsu, har da kukanta a kan gawar mijinta, alhali kalmar Bagwariya nasabar ƙabila ce kurum, kuma labarin Daura bai adana sunan da iyayenta suka raɗa mata ba, balle garin da aka rabo ta da shi.