Fina-finan soyayyar Tailan a wayoyin 'yan matanmu: Darasin da Mubi ke aika wa Abuja

A garin Mubi, inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa ke tara ɗalibai mata daga sassan Arewa maso Gabas, ba a buƙatar sinima ko akwatin talabijin kafin a kalli fim. Waya da 'yar data sun wadatar, ko kuma a biya mai tura fina-finai ya cika wa mutum waya. Ta wannan ƙofa fina-finan Indiya da aka mayar Hausa suka mamaye gidaje, na Koriya da na Turkiyya suka biyo baya. Yanzu ga wani sabon baƙo a YouTube, kyauta ga duk mai so: fina-finai masu dogon zango na ƙasar Tailan da ke ba da labarin soyayya tsakanin mace da mace, waɗanda masu kallonsu ke kira GL.

Batu ne da mutane da dama za su fi so a yi shiru a kansa. Wannan jarida na ganin shirun ba shi da amfani, musamman ga ma'aikatan tarayya da masu ba shugabanni shawara, waɗanda wata rana takardar neman a ɗauki mataki za ta sauka a teburinsu. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake magana a kai.

Wannan salo ya yi ƙarfi ne a ƙarshen 2022, lokacin da kamfanin Idol Factory ya fitar da GAP, labarin wata sabuwar ma'aikaciya da shugabar kamfaninsu, wanda Freen Sarocha da Becky Armstrong suka fito a ciki. An ɗora shi a YouTube da fassarar harsuna a ƙasan allo, aka kalle shi sau ɗaruruwan miliyoyi. Ganin haka manyan kamfanoni suka shigo kasuwar: a 2024 GMMTV ya fitar da 23.5, tashar Channel 3 kuma ta fitar da The Secret of Us. Gwamnatin Tailan ta kafa kwamiti na ƙasa a 2023 domin tallata al'adunta a duniya, kuma fim na cikin fannonin da ta zaɓa. A ranar 23 ga Janairun 2025 dokar halatta auren jinsi ta fara aiki a ƙasar. Ke nan fina-finan sun fito ne daga al'ummar da dokarta da tarbiyyarta suka sha bamban da namu.

Ƙarfinsu a bayyane yake, kuma ba mu ga dalilin ɓoye shi ba. Na farko, mata ne ginshiƙin labarin. Su ne likitoci, su ne shugabannin kamfani, su ne masu yanke shawara a kan rayuwarsu, kuma kyamara na sauraron abin da ke zuciyarsu da natsuwa. Na biyu, akwai ƙwarewa: hoto fes, sauti tsaf, kiɗa daidai da yanayi, kuma labari yana ƙarewa a cikin kashi goma sha biyu ko ƙasa da haka maimakon a yi ta jan sa har mai kallo ya gaji. Na uku, sun gane kasuwar zamani. Sun saki kayansu kyauta, sun sa fassara, sannan suka riƙa samun kuɗi ta talla da tarukan ganawa da masoya a ƙasashe daban-daban.

Rauninsu ma ba ƙarami ba ne. Yawancin labaran suna zagaye ne a gidajen masu hannu da shuni, inda babu mai tunanin kuɗin makaranta ko na haya, kamar talaka ba ya soyayya. Jigon kan maimaita kansa: rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware, uwa ko kaka mai taurin kai, saurayin da aka tilasta, sai sulhu a kashi na ƙarshe. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuwa. Idan shugaba ta nemi ma'aikaciyar da albashinta ke hannunta, ko aka nuna kishi mai tsanani da sa ido a matsayin alamar ƙauna, ana koya wa matashiya ta ɗauki danniya a matsayin so, kuma wannan darasi yana cutarwa ko wane ne ke ɗaya ɓangaren. Sannan kamfanonin sukan haɗa 'yan wasa biyu su riƙa tallata su kamar masoya ne a zahiri, har masu kallo su fara ganin suna da iko da rayuwarsu. A ƙarshe masoyan sun zama kasuwa, 'yan wasan sun zama haja.

A Najeriya matsayin doka sananne ne. Dokar hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu irin wannan aure, kuma mafi yawan iyaye a Mubi, Musulmi da Kirista, ba za su amince da abin da fina-finan ke nunawa ba. Damuwarsu halas ce. Sai dai akwai hanyoyi biyu da muke jan kunnen hukumomi da al'umma su guje musu.

Ta farko ita ce tunanin cewa takardar umarni daga Abuja za ta rufe ƙofar. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1993, an gina ta ne domin zamanin kaset da sinima. Lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, matasa sun ci gaba da shiga ta bayan gida. A Kano an ƙona littattafan soyayya a 2007, amma marubuta mata ba su ajiye alƙalami ba. Yau littattafansu na yawo a WhatsApp da Wattpad. Ba a rufe rana da tafin hannu.

Ta biyu, wadda ta fi haɗari, ita ce a mayar da damuwar farautar 'yan mata. Ƙawance na ƙut-da-ƙut tsakanin 'yan mata, cin abinci a kwano ɗaya da kwana ɗaki ɗaya a makaranta, tsohuwar al'adarmu ce. Idan aka fara yanke wa ɗaliba hukunci da abin da aka gani a wayarta, ko da jita-jitar ɗakin kwana, kalma ɗaya na iya raba ta da karatunta da mutuncinta, ta kuma jefa rayuwarta cikin haɗari. Addinan da muke bi sun yi gargaɗi mai tsanani a kan ƙazafi. Mubi, wadda ta ga kisan ɗalibai a Oktoban 2012, ta kuma faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, ta san tsadar da aka biya kafin 'ya mace ta koma aji. Bai kamata wani sabon dalili ya fitar da ita ba.

Tambayar da ta dace ita ce: me 'yarmu ke nema a allon da ba ta samu a gida ba? Tana neman labarin da mace ke da nauyi a cikinsa, wanda aka tsara da kyau. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Labarina da Daɗin Kowa sun tabbatar da cewa masu kallo za su bi shirin Hausa mako bayan mako. Abin da ya rage shi ne jari, horo da kuma ba mata marubuta da daraktoci dama.

Nan ne aikin Abuja yake. Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, kuma akwai ma'aikatar tarayya mai kula da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira. Muna kira gare su da su ware tallafi na musamman ga shirye-shirye masu gajeren zango da mata suka rubuta, a sa musu fassara domin su tsallaka iyaka, kuma a kai horon har garuruwa irin su Mubi, kada ya tsaya a Kano da Legas. Ma'aikatar Ilimi ta sa koyon tantance abin da ake kallo a cikin darussan makarantun sakandare. Shugabannin manyan makarantu kuma su tabbatar ba a hukunta ɗaliba a kan zargi maras hujja.

Ɗalibar da ta gudu daga Mubi a ƙafa a 2014, ta dawo ta kammala karatu, tana da labarin da ya fi na kowane kamfani a Bankok nauyi. Idan ba mu ba da shi da kyau ba, 'ya'yanmu za su ci gaba da sauraron na wasu, kuma laifin ba na waya ba ne.