Gwanin jifa ko ɗan gaba mai iya komai: abin da gwajin Masai Ujiri ke nuna wa Kano

A ƙarshen watan Yunin 2025 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Toronto Raptors ta raba gari da shugabanta, Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne ya gina tawagar da ta ci kofin NBA a 2019. Amma shekarunsa na ƙarshe a Toronto sun tafi ne a kan wani gwaji da har yanzu ake gardama a kansa: shin ƙungiya ta zuba kuɗinta a kan gwanayen jifa daga nesa, ko a kan dogayen 'yan gaba masu iya kowane aiki a fili?

Lissafin gwanin jifa ba shi da wuya. Ƙwallon da aka jefa daga bayan layin nesa maki uku ce, ta cikin layi kuwa biyu. Wanda ke cin huɗu cikin jifa goma daga nesa ya tara maki 12, daidai da wanda ya ci shida cikin goma a kusa da kwando, inda ake gwabzawa da ƙarti. Ko bai taɓa ƙwallo ba yana da amfani, domin dole a ware mutum guda ya manne masa, sai hanya ta buɗe wa abokan wasansa. Wannan ne ya sa kasuwarsu ta yi tsada. Washington ta ba Davis Bertans dala miliyan 80 na shekara biyar a 2020, Miami kuma ta ba Duncan Robinson dala miliyan 90 na shekara biyar a 2021.

Ba a je ko'ina ba aibin cinikin ya fito. A zagayen fitar da gwani ƙungiyoyi biyu kan kara har sau bakwai a jere, don haka kowane koci yana da lokacin gano ragon mai tsaron abokan hamayya, ya riƙa tura masa gwaninsa. A 2022 Robinson ya rasa gurbinsa cikin biyar na farko, har akwai wasannin da ya kalla daga benci, duk da kuɗin da aka zuba masa. Ranar da hannun irin wannan ɗan wasa ya ƙi, ba shi da wani abin da zai bayar. Manomin Ɗambatta ko Kunci da ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda ya san dalilin da ya sa ba a dogara da shuka ɗaya.

Ujiri ya bi ɗaya hanyar har ƙarshenta. Ya tara Pascal Siakam ɗan Kamaru, da OG Anunoby wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, da Scottie Barnes, da Precious Achiuwa haifaffen Fatakwal. Dukansu sun kai mita biyu ko sun ɗan wuce, masu dogayen hannuwa, kowanne zai iya tsare gajere ya tsare dogo. A kakar 2021/2022 sun ci wasa 48 cikin 82, aka ce dabarar ta yi. Kakar da ta biyo baya suka ci 41 suka sha kashi a 41, suna cikin na baya-baya a cin ƙwallon nesa, kuma ba su shiga zagayen fitar da gwani ba. Abokan karawa sun gane su: sai su cunkushe ƙarƙashin kwando, su bar su su yi ta jifa daga waje. A zaɓen sababbin 'yan wasa na 2023 Ujiri ya ɗauki Gradey Dick, matashin da aka san shi da jifa, wanda tamkar amsa kuskure ne. Cikin watanni aka miƙa Anunoby ga New York, Siakam kuma ga Indiana.

Nan ne masu cewa gwajin ya nuna 'yan gaba ba su da daraja suke yin kuskure. Anunoby ya sa hannu a kwantiragin sama da dala miliyan 210 a 2024, fiye da ninki biyu na abin da Robinson ya samu. Siakam kuma ya kai wasan ƙarshe na NBA a 2025 tare da Indiana, ƙungiyar da ta kewaye shi da masu jifa da mai raba ƙwallo. Mutanen ba su canja ba, haɗin ne ya canja. Tawagar 2019 ma haka take: Kawhi Leonard da Siakam suna gaba, amma Kyle Lowry da Fred VanVleet da Danny Green suna waje suna jiran a sake su. Wanda kasuwa ta fi biya yanzu shi ne ɗan gaba mai tsaro wanda kuma ba a isa a bar shi shi kaɗai a bayan layi ba.

Tarihin D'Tigers ya fi karkata ga masu jifa. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 Amurka ta lallasa Najeriya da ci 156 da 73, ta zura ƙwallon nesa 29. A 2015, da Najeriya ta ci kofin Afirka karon farko a Tunisiya bayan doke Angola, gwarzon gasar shi ne Chamberlain Oguchi, gwanin jifa. Ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta, da ƙwallon nesa 20. Sai dai makonni kaɗan bayan haka tawagar ta sha kashi a dukan wasanninta uku na Olamfik a Tokyo. Jifa kan ba ƙaramar ƙungiya nasarar dare ɗaya, bai isa ya ɗauke ta gasa sukutum ba.

Kano na da ruwa da tsaki a wannan muhawara. Kano Pillars ta sha ɗaukar kofin ƙasa, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Daga fara gasar BAL a 2021 zuwa 2025 kuwa, Rivers Hoopers da Kwara Falcons ne suka riƙa wakiltar Najeriya, yayin da rikicin shugabanci da ya ɓarke a hukumar NBBF a 2017 ya daɗe yana tauye gasar cikin gida. Ƙungiyar jiha ba ta da kuɗin sayen ɗan wasa irin Anunoby. Abin da take iyawa shi ne ta raine shi, kuma a nan ne karkarar arewacin jihar take da abin bayarwa.

A Bici, Makoɗa, Minjibir da Dawakin Tofa gona na manne da gona, samun filin ƙwallon ƙafa kuwa sai an ci amfanin wani. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne da 15, wato ana iya fitar da kusan 17 daga filin ƙwallon ƙafa guda, kuma harabar makarantar sakandare ta ishe shi. Tsawo ba a koyar da shi, amma jifa ana koyonsa da kwando ɗaya, ƙwallo ɗaya da maimaici. Al'adar da ta zama ruwan dare a filayen yara ita ce a tura dogon yaro ƙarƙashin kwando ya riƙa cafe ƙwallo, a bar jifa ga gajeru. Yaron da ya fi kowa tsawo a ajinsu a Tsanyawa, idan ya shiga gasar Afirka, mai matsakaicin tsawo ne, kuma a can ba za a tambaye shi cafe ƙwallo kaɗai ba. Za a duba ko zai iya tsare mai sauri, da kuma ko yana cin jifa daga mita 6.75 na layin FIBA. Kuɗin siminti da ƙarfe biyu da alawus ɗin koci mai zagaya makarantu abu ne da kasafin ƙaramar hukuma zai iya ɗauka, in hukumar wasanni ta jiha ta sa shi a gaba.