Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Karatun Manya a Wajen Yahudawan New York

A shekarar 1991 wasu Yahudawa ma'aikata da ke shiga jirgin ƙasa kowace safiya daga unguwar Far Rockaway zuwa tashar Penn da ke tsakiyar birnin New York suka mayar da wani tarago makaranta. Da jirgi ya tashi sai a buɗe littafi, malami ya karanta ya yi bayani, sauran suna tambaya har a sauka. Waɗannan mutane magidanta ne masu iyali da sana'a, kuma babu jarrabawar da ke jiransu. Abin da suka yi daidai ne, domin addinin da mutum ya gada ba ya zama nasa sai ya koma ya neme shi da hankalin girma.

Yahudawan farko, su 23, sun sauka a wannan birni a 1654, a yau kuwa yawansu ya kusa miliyan ɗaya. Da yawa daga cikinsu sun yi karatun addini suna yara, suka koyi baƙaƙen Ibrananci da wasu addu'o'i domin bikin balaga da ake yi wa yaro idan ya cika shekara 13. Sau da yawa daga ranar biki karatu ya ƙare. Mutum zai zama likita ko lauya, amma saninsa game da Attaura bai wuce na ɗan shekara 13 ba. Ranar da ɗansa ya tambaye shi dalilin wata ibada, ko ranar da mahaifinsa ya rasu aka ce ya yi masa addu'a, a nan yake gane cewa hannunsa babu komai.

Maganin wannan shi ne komawa makaranta, kuma birnin New York ya buɗe ƙofofi da dama. Cibiyar 92nd Street Y, wadda aka kafa a 1874, ta daɗe tana shirya darussa da laccoci ga manya. A 1979 malam David Silber ya buɗe makarantar Drisha domin mata su yi zurfi a littattafan da a da maza kaɗai ake koya wa. A 2006 aka kafa Hadar, inda maza da mata suke karatu tare.

Tsarin da ya fi shahara shi ne wanda mutanen jirgin nan suke bi, wato Daf Yomi, ma'ana falle ɗaya a kowace rana. Malam Meir Shapiro ne ya gabatar da shi a birnin Biyana a 1923. Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malaman Yahudawa, yana da falle 2,711, saboda haka sauke shi yakan ɗauki kusan shekara bakwai da rabi. Duk mai bin tsarin, a kowace ƙasa yake, falle ɗaya yake karantawa da sauran 'yan'uwansa a wannan rana. Ran 1 ga Janairun 2020, mutane wajen 90,000 suka taru a filin wasa na MetLife da ke jihar New Jersey, kusa da birnin, domin bikin sauka.

Akwai masu sukar wannan tsari. Suna cewa falle ɗaya na Talmud yana iya cin mako guda a hannun ɗalibi mai natsuwa, don haka wanda ya bi ta kansa cikin sa'a ɗaya gudu kawai ya yi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai magidanci mai aiki daga safe zuwa yamma ba ya da zaɓin zama mako guda a kan falle ɗaya. Zaɓinsa shi ne ya yi kaɗan kullum ko ya bari gaba ɗaya, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Wasu kuma suna ganin zuwa aji ya zama wahalar banza. Kamfanin ArtScroll, wanda a lokacin yake Brooklyn, ya kammala fassara Talmud zuwa Turanci cikin mujalladi 73 a 2005, kuma a 2017 shafin Sefaria ya fara sanya wata fassarar kyauta a intanet. Lalle wannan ya taimaki wanda bai iya Aramiyanci ba, harshen da aka rubuta yawancin kundin da shi. Amma abin da ya fito da mutum daga gida ya wuce sanin ma'anar kalmomi. Yana neman jama'ar da zai jingina da ita. Shi ya sa Yahudawa suka riƙe al'adar da suke kira habruta: mutum biyu su zauna a kan nassi ɗaya, wannan ya karanta, wancan ya ƙalubalance shi. Wayar hannu ba ta gardama da mai ita, kuma ba ta cigiyarsa idan ya yi fashin kwana uku.

Bahaushe ya san irin wannan zama. A Kano da Zariya da Katsina, ɗan kasuwa ko tela yakan je zauren malami bayan sallar asuba, ya ɗauki darasi a Ahalari ko Risala kafin ya buɗe shago. Addinan sun bambanta, littattafan ma haka, amma hikimar iri ɗaya ce: darasi kaɗan, a lokaci sananne, a gaban malami, tare da abokai.

Yahudawa suna ba da labarin malaminsu Akiba, makiyayin da aka ce bai fara karatu ba sai da ya kai shekara 40, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman da Talmud ke ambato. Saboda haka al'ummar da ke kashe dukiya a kan makarantun yara ya kamata ta tanadi malami da wurin zama ga iyayensu, a lokacin da ma'aikaci zai iya halarta, da kuɗin da talaka zai iya biya. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifiyarsa ko mahaifinsa da littafi a hannu da wuya ya ɗauka cewa karatu yana ƙarewa ran bikin balaga.